Ƙwallon Ceri a Kaskon Leona

Shekara ashirin da shida ɗakina mai taya yana maƙwabtaka da na Leona Massart a zangon bakin tafki. In ta yi atishawa a nata ɗakin, matata Joyce ce ke yi mata sannu daga namu. Daga Mayu zuwa Satumba nan muke tarewa, mu tsofaffin da 'ya'ya suka watse suka bari, kowa da ɗan filinsa, da turken katako mai lambarsa, da murhun ƙarfe a ƙofar ɗaki. Saboda haka in na ce na san Leona, kada wani ya tsaya yi mini gardama.

A gonar ceri, ɗan jan 'ya'yan itacen nan mai ƙwallo a ciki, aka haife ta, can bayan ƙauyenmu Brussels na jihar Wisconsin. Tana shekara bakwai aka rataya mata bokiti a wuya aka ce hau tsani. Da ta girma ta shiga masana'antar da ke zuba ceri a gwangwani, aka tsayar da ita gaban bel ɗin da ke janyo ceri daga inji. Aikinta ɗaya ne tak. Inji ya cire ƙwallo, ceri ya kwararo ja wur, ita kuma ta tsamo duk wanda injin ya tsallake. Shekara talatin da ɗaya tana wannan kallo. Mijinta Ervin, Allah ya ji ƙansa, yakan ce bai taɓa shiga gida da ƙarya ta kai ɗakin girki ba, tun a bakin ƙofa ake tsamo ta. Mace ce 'yar firit, ba ta yarda da likita ba, ba ta yarda da mai hasashen yanayi ba, ni kuwa ko gaisuwata sai ta juya ta ga bayanta.

Abin da aka san ta da shi a zango shi ne faji. Gasasshen burodi ne mai ceri a ciki, ba wani abin a zo a gani ba ne. Kaskonsa na baƙin ƙarfe ne mai baki biyu kamar na agwagwa, da dogayen mariƙai. Ka shafa wa yankan farin burodi biyu bota, ɓangaren botar ya kalli ƙarfe. Ka zuba cokali biyu na cerin da aka dafa da sukari, ka rufe, ka datse burodin da ya leƙo ta gefe, ka cusa cikin garwashi. Ban ce harshen wuta ba, garwashi na ce. Kowane sakarai zai iya, ni ma ina yi. Amma na Leona yakan fito launin zuma ciki da bai, gefensa a liƙe, tsamin ya kama maka muƙamuƙi kafin zaƙin ya zo ya ba ka haƙuri.

Dokoki biyu gare mu. Ta farko, cerin gwangwani na baƙi 'yan jihar Illinois ne, masu zuwa hutun kwana biyu da sababbin takalma. Mu da itatuwan ke bayan gidajenmu, da hannu muke cire ƙwallo, da fil ɗin ɗaure gashi, ɗaya bayan ɗaya. Ta biyu, duk wanda ya ci karo da ƙwallo a fajin wani, zai tofo shi ya ɗora a kan turken mai shi, kuma ba a taɓawa sai ruwan sama ya ture. Ni ne alƙalin wannan doka, ba wanda ya naɗa ni. Turkena kuwa har tsuntsaye sun san shi. Na Leona kaɗai ne bai taɓa ɗaukar ƙwallo ba, kuma na sha faɗa mata ba zan mutu ba sai na ɗora mata ɗaya.

"To ka shirya daɗewa," in ji ta.

Bara, ana gab da tashi daga zango, hannun rigarta ya kama wuta. Joyce ce ta kashe da tawul. 'Yarta Darlene, wadda ke aikin jinya a birnin Green Bay, ta zo a fusace, kuma a gabana ta yanke hukunci.

"Mama, shekarunki saba'in da tara. Baɗi in na ga alama ɗaya, ɗaya tak, cewa ba za ki iya da wuta ke kaɗai ba, zan sayar da ɗakin nan ki dawo wurina."

"A hawa na huɗu? In riƙa kallon motoci?"

"A hawa na huɗu." Sai ta juyo kaina. "Kawu Gordy, ka sa mini ido a kanta."

Na ce, "'Yar nan, aikin da nake yi kyauta tun kina rarrafe."

Bana da ceri ya nuna a Yuli, na fara jin abin da bai kwanta mini ba. Fajin Leona ya yi zaƙi fiye da kima. Cikinsa ya yi ja mai sheƙi kamar jan-baki, yana ja kamar danƙo. Sannan ta daina zama a ƙofar ɗaki da kwano a cinya tana cirar ƙwallo, wai ƙuda sun yi yawa, a ciki take yi. Ƙudan da suka shekara ashirin da shida ba su dame ta ba. Na riƙe wannan a raina.

Wata Talata Joyce ta kira ni bayan ɗaki, tana riƙe da murfin kwandon shara.

"Gordy, zo nan. Wannan na waye?"

Gwangwanin ceri ne, an wanke shi tas, an murƙushe bakinsa.

"Ke zan tambaya," na ce.

"Ni? Ni da na yini da fil har yatsuna suka zama na mai rini?"

"To ni da ban san inda kike ajiye mabuɗin gwangwani ba?"

"Ka san inda nake ɓoye alewa ai."

Kwana biyu muna kallon juna ta wutsiyar ido. Ta bincike ƙarƙashin kujerar motata. Ni kuma na leƙa bayan buhun dankali. Da gwangwani na biyu ya bayyana, sai na ce a'a, wannan ɓarawon daga waje yake shigo mana da kaya. Washegari ƙarfe shida na safe na ɗauki kofina na zauna bayan labule. Ba a jima ba sai ga Leona ta fito da abu a ƙarƙashin rigar sanyi. Hannunta ɗaya na bin igiyar shanya, tana tafiya a hankali, leɓenta na motsi. Na ce a raina, ji tsohuwa da sanɗa. Ta ɗaga murfin kwandonmu, ta saka, ta koma yadda ta zo.

Ban ko ƙarasa kofin ba. Na ciro gwangwanin na tafi da shi a bayana.

"Madam Sufeto, barka da asuba."

"In kofi ka zo nema, Gordy, ya ƙare."

"Hannunki na zo gani."

"In aure ka zo nema, ka makara da shekara sittin."

"Nuna dai."

Ta miƙo. Fari fat. Wanda ya yi mako yana cirar ƙwallon ceri, ko da sabulun wanki ya kwana, gefen farcensa baƙi ne har Agusta.

"Safar roba nake sawa," in ji ta.

"Ke? Ke da kika ce safar roba ta masu tsoron aiki ce?" Na fito da gwangwanin na ƙwanƙwasa shi da farce. "Leona Massart. Jikar manoman ceri. Har kin rasa inda za ki zubar da abin kunyarki sai kwandona? Kin kusa kashe mini aure."

"Ka gan ni?"

"Da idona."

"Idonka da ya ɗauki kare a matsayin barewa."

"Wannan tsohon zance ne. Ran Asabar Darlene za ta zo, ko? Zan kifa wannan a kan turkenki, in tara mutanen zango, in yi jawabi. Har na fara haɗa shi."

Na zaci za ta zage ni. Sai ta tsaya tana kallon kafaɗata maimakon fuskata.

"Ka zo ran Asabar ka ci," ta ce. "In ka ji ɗanɗanon gwangwani, ka yi shelarka."

Da na ba Joyce labari ina dariya, ita ba ta yi ba.

"Ka tambayi kanka dalili?"

"Ƙyuya. Tsufa ya zo."

"Leona ce mai ƙyuya? Gordy, ran Lahadi a ƙofar coci na ɗaga mata hannu, tana kallona sak, ba ta amsa ba. Sai da na yi magana."

"Girman kai ne. Tun tana yarinya haka take."

"Kai dai bakinka ya fi kanka sauri."

Ran Juma'a Leona ba ta zo cin soyayyen kifin da muke yi a zango duk mako ba, abin da ba ta taɓa fashi ba. Da rana na bi ta gefen tagarta, wai ina neman guduma. Tana zaune da bokitin ceri cike a gabanta. Ta ɗauki ɗaya, ta soka fil, ta murza cerin tsakanin yatsu, ta kawo shi dab da gefen idonta, ta sake murzawa, sannan ta jefa a kwano. Macen da a da take cika kwano kafin in gama ba da labari ɗaya. Ruwan ceri ya gangaro mata har gwiwar hannu. Na koma ɗaki ba gudumar, ba kuma jawabin. Sai a lokacin na tuna hannun nan a kan igiyar shanya, da leɓen da ke motsi. Ƙirga taku take yi.

Asabar ƙarfe biyar na yamma, rana na nan sama, garwashi ya yi daidai. Mutanen zango kusan goma suka jawo kujeru, don na riga na cika su da cewa akwai kallo. Darlene ta zauna kusa da murhu, ta harɗe hannu, idonta na bin uwarta kamar mai jiran canji a kanti. Idon gado ne.

Leona ta shafa bota da yatsa, ba da wuƙa ba. Ta shafo bakin kaskon kafin ta kwantar da burodi. Ta rufe, ta cusa a garwashi. Can sai ta jawo shi, ta kara kusa da kunne, ta juya, ta mayar.

"Mama, yaushe kika fara sauraron kasko?"

"Tun kafin a haife ki."

"Da buɗewa kike yi ki duba."

"Da kuma ba ki da surutu haka."

Ta buɗe. Launin zuma, ba ƙuna ko kaɗan. Ta juye a faranti ta miƙa wajen da muryata take.

"Ga naka, alƙali. Ci ka faɗa wa jama'a."

Na hura, na gatsa. Cerin gaske ne, tsaminsa har cikin kunne. Na buɗe baki zan yaba, sai haƙorina ya sauka a kan abu mai tauri.

Shekara ashirin da shida ina jiran wannan ƙwallon. Ga shi a kan harshena, ga turke taku uku daga kujerata, ga jama'a. Ga kuma Darlene. Na haɗiye shi. Ya sauka yana gaisawa da kowane lungu na maƙogwarona.

"To?" in ji wani daga baya. "Ina kallon da ka ce?"

"Na gaske ne," na ce. "Na janye ƙarata."

Gatsa ta biyu, wani ƙwallon. Na bi shi da kofi. Hawaye ya taru mini.

"Kawu Gordy, lafiya?" Darlene ta karkato kai. "Ka yi shiru. Tun da nake ban taɓa ganin ka yi shiru da abinci a baki ba."

"Zafi ne, 'yar nan."

Leona ta juye na biyu ta miƙa wa 'yarta. Na yi wuf na fizge farantin.

"Manya tukuna."

"Ba ka gama naka ba."

"Ina tara su ne."

Joyce ta rufe fuska da hannu. Na kai wa sabon fajin hari da sauri don in gama da shi kafin a ƙwace, kuma saurin ne ya kashe ni. Ƙaras! Har na kujerar ƙarshe sai da ya ji.

Leona ta ajiye kaskon a kan dutse.

"Tofo shi, Gordy."

"Me zan tofo? Haƙorin roba ne ya goce."

"Shekara talatin da ɗaya ina jin wannan ƙarar a mafarki. Na nawa ke nan?"

Na kurɓi kofi.

"Na nawa?"

"Na uku."

"Sauran biyun fa?"

"Suna ciki."

Wani ya fara dariya, matarsa ta zungure shi. Leona ta miƙo tafin hannu, na tofa mata ƙwallon a ciki kamar yaro. Ta murza shi. Ta tashi da kanta, ta lalubo turken, ta ɗora a kai.

"Doka doka ce," ta ce. Ta dawo ta zauna, ta juya wajen 'yarta. "Tun Fabrairu tsakiyar komai ta ɓace mini. Gefe-gefe nake gani. Yanzu haka kunnuwanki nake gani, Darlene, fuskar babu. Shi ya sa na koma gwangwani, don kada in fasa wa wani haƙori. Wannan mai bakin ne ya tono ni."

"Na sani, Mama."

"Kin san me?"

"Katin da kika aiko mini a Afrilu, layi ya hau kan layi. Jira nake in ga har yaushe za ki ɓoye." Ta juyo kaina. "Kai kuma da na ce ka sa ido."

"Na sa. Gwangwani na gani."

"Kuma da ka gane, sai ka zauna kana haɗiyar ƙwallo a gabana."

"Ai ba a gabanki na yi niyya ba."

Jama'a suka fara naɗe kujeru, kowa ya tuna yana da abin yi. Darlene ta ce wa uwarta ta haɗa kaya, gobe da safe za su wuce.

"In je hawa na huɗu in ga me?" in ji Leona. "Nan na san taku nawa ne zuwa famfo, nawa ne zuwa bakin ruwa. Na san muryar kowa, har da wadda ban so. Can ko banɗaki sai an ja ni."

"Nan kuma akwai wuta, Mama. Bara hannun riga ne. Bana fa?"

"Kin ga ya ƙone? Duba fajin nan. Ya ƙone?"

"Ba fajin nake tsoro ba."

Sai Joyce ta sa baki, ita da ba ta cika shiga maganar mutane ba.

"Wutar ce matsala, ko ɗakin?"

"Wutar," in ji Darlene.

"To a kashe wutar. Ga tamu can, kullum a hure take, tunda mijina ba shi da aikin yi. Ƙwallo ni zan cire. Girkin ciki ma tare za mu riƙa ci."

"Ban yarda da cirarki ba," in ji Leona. "Kina gaggawa."

"To ki bi baya ki murza."

Darlene ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta fi daɗewa a kaina. Sannan ta tashi ta ɗauki bokitin ruwa ta juye a murhun uwarta. Tururi ya tashi, toka ta baɗe mini takalmi. Na ga yadda Leona ta damƙe mariƙin kaskon.

"Wannan murhun ya mutu," in ji Darlene. "Ashana, da tukunyar gas, duk a motata za su kwana. Litinin za mu ga likitan ido, kuma ba gardama. In ya yarda, na bar ki zuwa ƙarshen Satumba. Ranar da na ji kin kunna ko kyandir ne, a ranar zan kafa allon sayarwa."

"Kaskon fa?"

"Me ya sami kaskon?"

"Ni zan riƙe. Ba zan zauna ina jin wannan yana ƙona burodi ba."

"Sai in Anti Joyce na gefenki."

Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma da allura duk wata za a iya riƙe sauran. Leona ta ce ba ta yarda da shi ba, muryarsa ta yi yarinta. Ta dai je, kuma tana zuwa. Ɗakin ba a sayar ba. Duk yamma tana kan kujerata mai kyau a gaban murhuna, kasko a kunne, tana cewa itacena ɗanye ne kuma da gangan nake yi.

Duk Lahadi bayan coci Darlene na bugo mini waya.

"Kawu Gordy, ya Mama?"

"Garau. Jiya ma ta zage ni sau huɗu."

"Ta kunna wani abu?"

"Ko ashana ba ta taɓa ba, na rantse."

"Ta yi tuntuɓe?"

"Ko sau ɗaya."

"To. Miƙa wa Anti Joyce wayar."